Zinare a Kan Harafi: Hukuncin Ƙawata Rubutu da Tarbiyyar Mai Koyon Sana'a

Daga cikin mas'alolin da malaman fiƙihu suka daɗe suna tattaunawa akwai wadda ta shafi ƙawata rubutu, wato ko adon zinare da launi da ake yi wa kalma mai alfarma girmamawa ce gare ta, ko kuwa shamaki ne da yake shiga tsakaninta da mai karatu. Asalin mas'alar daga Mus'hafi da bangon masallaci ta taso, amma a yau ta fi yawan faɗowa a hannun masu rubutun allunan sanarwa, domin su ne ake kawo wa aikin rubuta bisimilla a saman ƙofar shago, ko sunan masallacin ma'aikata a harabar masana'anta, ko addu'a a goshin babbar mota. A Challawa da ke Ƙaramar Hukumar Kumbotso, da Sharada da ke kusa da ita, da kuma Bompai wadda ta riga su zama matattarar masana'antu a Kano, kamfanonin jima da masaƙu da masu sarrafa roba sun daɗe suna buƙatar wanda zai rubuta musu suna a ƙofa da gargaɗi a bango da lamba a jikin mota, kuma da wannan buƙata ne sana'ar ta yi ƙarfi har ta yaye yara da dama.

Yaron da aka kai shagon mai rubutun allo yakan daɗe bai taɓa harafi ba. Aikinsa na farko shi ne wanke buroshi da kananzir, da goge fuskar kwano ko katako har ta yi santsi, da shafa farin fenti na ƙasa wanda sauran launuka za su hau. Bayan haka sai a koya masa buga layi, inda ake shafa wa zare alli, mutum biyu su ɗame shi daga gefe zuwa gefe, a ɗaga tsakiyarsa a sake, sai ya bar miƙaƙƙen layi a kan allon. Daga nan ne maigida zai fara barinsa ya cike cikin haruffan da shi ya zana iyakokinsu, kuma sai hannunsa ya daina rawa sannan a ba shi ƙananan rubuce-rubucen ƙasan allo. Abin da ya fi wuyar samuwa shi ne ido, domin tazarar da ke tsakanin haruffa ba a iya auna ta da awo ɗaya, kasancewar harafi mai zagaye da harafi mai tsaye ba sa cin fili iri ɗaya, don haka idan aka raba su da ma'auni sai kalmar ta fito a wargaje. Mai rubutun allo a Kano yana kuma ɗauke da nauyin da takwaransa na Ingila bai sani ba, saboda yana aiki da boko mai tafiya daga hagu, da haruffansa masu lanƙwasa irin ɓ da ɗ da ƙ, sannan da Larabci da ajami masu tafiya daga dama, wani lokaci duk a kan allo guda.

Shafen zinare na asali sana'a ce mai zaman kanta. Ana bugun zinare har sai ya zama ganye wanda kaurinsa bai fi kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita ba, a jera shi 25 a cikin ɗan littafi tsakanin siraran takardu, kuma saboda rashin nauyinsa numfashin mai aikin kaɗai ya isa ya tashe shi. Ana shafa wa wurin harafin wani danƙo mai mai, a jira ya sha iska har ya kai matakin da yake kama bayan yatsa ba tare da ya jiƙa shi ba, sannan a ɗora ganyen a goge da auduga. Idan an yi gaggawa zinaren ya nutse ya dusashe, idan an makara ya ƙi kamawa. A kan gilashi kuwa daga baya ake yin aikin, da haruffa a juye, don mai wucewa ya gan su daidai. Mafi yawan abin da ake kira ruwan gwal a shagunan Kano fenti ne da aka gauraya da garin tagulla, wanda yake ƙyalli a farko sannan ya yi duhu bayan rana da damina sun bi ta kansa, alhali zinaren gaskiya ba ya tsatsa.

A mazhabar Malikiyya, wadda a kanta aka gina karatun zaure a ƙasar Hausa, Shehu Khalil ya ambata a Mukhtasar ɗinsa na ƙarni na 14 cewa haramun ne namiji ya yi amfani da abin da aka ƙawata da zinare ko azurfa, sai ya keɓe wasu abubuwa ƙalilan, na farkonsu Mus'hafi. Masu sharhi, cikinsu har da Shehu Dardir wanda ya rasu a 1786, sun fayyace cewa halaccin ya shafi bangon Mus'hafi ne daga waje, amma rubuta ayoyin kansu da zinare makaruhi ne, wato abin da barinsa ya fi, kuma dalilin da suka bayar shi ne yana shagaltar da mai karatu daga tuntuntuni. Imam Malik, wanda ya rasu a 795, ya ƙi son ado da rubutu a bangon alƙibla saboda wannan dalilin. Tushen fahimtar yana cikin hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mayar wa Abu Jahm wani mayafi mai zane domin ya ɗauke masa hankali a salla, da kuma umarnin Sayyidina Umar ga mai ginin masallaci cewa ya guji ja da rawaya don kada ya fitini mutane. Malaman Hanafiyya sun sassauta, inda suka yarda a ƙawata masallaci da ruwan zinare idan mutum daga aljihunsa ya yi, ban da dukiyar waƙafi.

Tarihi ya nuna cewa masu mulki ba su tsaya inda Malik ya tsaya ba. Lokacin da Halifa Walid ɗan Abdulmalik ya faɗaɗa masallacin Madina wajajen 707 zuwa 710, an yi masa ado mai yawa, kuma Ibn Nadim ya ambata a Fihrist cewa wani marubuci mai suna Khalid ɗan Abul Hayyaj ya rubuta surorin ƙarshen Alƙur'ani da zinare a bangon alƙiblarsa. A Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya an adana Mus'hafin da aka rubuta da zinare a kan fatar da aka rina da shuni. Marubutan Kano da Barno kuwa, duk da cewa daga Afirka ta Yamma zinare ya riƙa ƙetare Sahara zuwa Masar da Magrib, ba kasafai suke sa shi a Mus'hafi ba. Launukansu kowanne da aikinsa: baƙi ko ƙasa-ƙasa na jikin harafi, ja na wasali, rawaya da kore na rarrabe nau'o'in hamza bisa riwayar Warshu. Zayyana, wato adon da ake yi da zane-zane masu kusurwa, an ware mata farkon Mus'hafi da gefen shafi da wuraren rabo, sannan da allon sauka. Duk wanda ya buɗe bugun Alƙur'ani na hannun Sharu Bala Gabari zai ga irin wannan tsari, inda harafi ke tsaye da kaurinsa, ado kuma yana gefe.

Abin da ya kamata a lura da shi a nan shi ne illar hukuncin, wato dalilin da aka rataya shi a kai. Malaman ba tsadar zinare suka duba ba a wannan gaɓa, domin da ita ce da ba su halatta shi a bangon Mus'hafi ba. Shagala suka duba. Idan haka ne, fentin tagulla mai arha da aka lafta a kan aya har lanƙwasarta ta ɓace, da fitilu masu walƙiya da aka zagaye sunan Allah da su, sun fi shiga cikin karhancin fiye da siririn layin zinare da gwani ya ja a gefen harafi don ya fito fili. Kuma wannan ma'auni shi ne ainihin wanda maigida yake horar da yaronsa a kai ko da bai taɓa buɗe Mukhtasar ba, domin allon da direba ba zai iya karantawa daga kan titin Panshekara ba ya gaza, komai yawan furannin da aka yi masa. Za a iya cewa son ƙawata abin da ake girmamawa ɗabi'a ce mai kyau a zuciyar mumini, kuma wannan gaskiya ne wanda bai dace a raina ba, domin ɗan kasuwar da ya nemi a rubuta masa bisimilla da ruwan gwal da ƙauna ya nema. Sai dai ƙauna ba ta san iyaka da kanta ba, kuma littafin fiƙihu ba zai iya faɗa wa mutum kaurin layi ko yawan launin da ya wuce kima ba. Wannan hukunci na ido ne, kuma ido a gaban maigida yake samuwa.

Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya lissafa rubutu cikin sana'o'i a Muƙaddima, ya kuma bayyana cewa sana'a malaka ce, wato ƙwarewar da take zauna wa mutum a jiki ta hanyar maimaitawa, wadda kyawunta yake bin kyawun malamin da aka gani yana yi. Tun kafin shi Ibn Muƙla, wazirin Bagadaza da ya rasu a 940, ya ɗora awon haruffan Larabci a kan ɗigon alƙalami da tsawon alif, amma ko da wannan ƙa'ida marubutan Daular Usmaniyya ba sa barin ɗalibi ya sa hannu a aikinsa sai ya karɓi ijaza, wato shaidar izini daga malaminsa. A tsangaya ma gardi yakan shafe shekaru yana rubutu a allo yana wankewa kafin a amince ya rubuta Mus'hafi a takarda. Tare da hannun, ɗalibi yana ɗaukar ladabin da ba a rubuta shi a ko'ina ba: yin alwala kafin rubuta aya, da ƙin ajiye allo mai sunan Allah a ƙasa, da kai wa malami rubutun Larabci ya duba kafin a shafa fenti na ƙarshe, da sanin cewa akwai wurin da ba a rubuta aya, kamar bayan mota inda taɓo yake fantsama. Maigida na gari yakan ba mai aiki shawarar ya canja wuri ko ya canja kalma, ko da hakan zai rage masa kuɗi.

Tun daga shekarun 1980 masana'antun Kano da yawa suka fara durƙushewa saboda matsalar wutar lantarki da kwararar kayan waje, sannan daga baya kwamfuta da injin buga bana suka kwashe mafi yawan aikin da ya rage wa masu buroshi. Injin yana da sauri da arha, kuma ya samar wa matasa da dama abin yi, don haka babu adalci a ɗora masa laifi. Abin damuwar shi ne wanda yake zaune gaban kwamfutar sau da yawa bai bi ta hannun kowa ba, kuma manhajar tana ba shi launin zinare da inuwa da ƙyalli ba tare da wahala ba, har ma takan tsinka haruffan Larabci ta jera su daga hagu idan ba a saita ta ba, a buga a rataye babu wanda ya lura. Ga kuma mas'alar ƙarshen rubutu. Allon tsangaya ana wanke shi a wuri mai tsarki, tsohuwar takarda ana ƙona ta ko a binne bisa abin da Sayyidina Usman ya yi da sauran kwafe-kwafen Mus'hafi, allon kwano kuma ana shafe shi da fenti a sake amfani da shi. Banar roba mai ɗauke da aya ba ta wankuwa, ba ta ruɓewa a ƙasa, ƙona ta yana fitar da hayaƙi mai cutarwa, kuma bayan taron mauludi ko wa'azi ko saukar karatu sau da yawa takan ƙare a matsayin shimfiɗar kaya ko rufin rumfa. Ya dace malaman Kano da masu ɗab'i su zauna a kan wannan, su fitar da abin da za a riƙa bugawa a roba da abin da za a bar wa katako da kwano, kuma su sa tsofaffin masu rubutun allo na Sharada da Panshekara a cikin zaman, su kuma tura musu yaran da ke aikin kwamfuta su zauna a shagunansu na wani lokaci.