Cin Gashin Kai da Taimakon Kare

A shekarar 1975 Bonnie Bergin ta kafa ƙungiyar Canine Companions a Kalifoniya ta Amurka domin horar da karnuka su taimaki naƙasassu. Horon yakan ɗauki kusan shekara 2. Akwai manya masu raunin fahimta da ke zaune a gidajen kansu, kare na tunatar da su lokacin shan magani, yana kwantar musu da hankali in firgici ya taso.

Shin wanda ya dogara ga kare ya ci gashin kansa? Mun ce ƙwarai kuwa, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma neman taimako ba ya rage mutunci. Sai dai kare ba ya hira ko ba da shawara. Wannan hakkin yana wuyan dangi da maƙwabta.