Laifin Me Zaki Ya Yi?

  

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karon wata gardama ce da aka yi a tsakar gidanmu, nan cikin birni, ranar uku ga Sallah. Yaran gidan sun dawo daga yawon Sallah bayan Magariba, kowa da labari a baki. Manyan cikinsu sun kasu gida biyu a kan wani tsohon lilo da aka cire a wani wurin wasan yara, aka sa sabo mai aiki da lantarki. Wasu na cewa an cuce su, wai tsohon ya fi daɗi kuma a kansa suka tashi. Wasu na cewa ai tsohon ya yi tsatsa, sai ƙara yake yi kamar zai karye da mutum. Har yayansu ya ciro waya yana nuna musu irin jiragen wasan nan na Amurka masu hawa sama su gangaro a guje, yana cewa su ma can haka suke rigima duk lokacin da aka rushe tsoho aka gina sabo.

Ana cikin haka sai autata, wadda ba ta wuce shekara shida ba kuma tun ɗazu ba ta ce uffan ba, ta jawo gefen zanena ta ce, "Umma, shi zakin nan na Gidan Zoo laifin me ya yi aka kulle shi?"

Wallahi 'yan uwa, sai na rasa ta cewa. Na ce mata bai yi laifin komai ba. Ta ce, "To me ya sa ba a bar shi ya tafi gidansu ba?" Na ce ta je ta wanke hannu ta ci tuwo. Ita ta ci tuwonta ta yi barci, ni kuwa tambayar ta kwana a raina.

Mu Kanawa mun iya gardama a kan abin da aka cire aka maye gurbinsa. Lokacin da aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, ai kun ji yadda gari ya ɗauka. Haka da gwamnatin lokacin ta ba da sanarwa a 2020 cewa za ta mayar da Gidan Zoo garin Tiga, an yi ta cece-ku-ce. Wasu suka ce filin ake wa kwaɗayi, wasu suka ce ya talaka zai yi ya kai 'ya'yansa har Tiga, wasu kuma suka ce abin tarihi ne tun zamanin marigayi Audu Baƙo, wanda ya kafa shi a farkon shekarun 1970. Duk maganganu ne masu ma'ana. Amma ki lura, kusan dukkansu a kanmu suke: filinmu, aljihunmu, tarihinmu, nishaɗin 'ya'yanmu. Kaɗan ne suka tsaya suka tambayi yadda su mazauna kejin suke ji.

Lilo ƙarfe ne. In ya tsufa a cire shi, in an ga dama a bar shi, babu wanda zai tsaya gaban Allah a kan haƙƙin ƙarfe. Abin da za a tambayi mai wurin kawai shi ne lafiyar yaran da ke hawa. Zaki kuwa rai gare shi. Allah Maɗaukakin Sarki Ya sanar da mu a Suratul An'am, aya ta 38, cewa dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi al'ummomi ne kamar yadda muke. To tambayar autata tana nan daram: ya halatta mu tsare wata al'umma ta Allah don kawai mu kalle ta mu ji daɗi?

Da na koma ga abin da muka karanta a Islamiyya, sai na ga addini bai haramta tsare dabba kai tsaye ba. Anas ɗan Malik (RA) yana da ƙane ƙarami, Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Manzon Allah (SAW) ya san da tsuntsun bai hana ba, kuma da ya mutu har ya rarrashi yaron da raha. Daga wannan hadisi malamai, irin su Ibnu Hajar a sharhinsa na Bukhari, suka fitar da halaccin ajiye tsuntsu a keji matuƙar ana kula da shi. Saboda haka wadda ta kai 'ya'yanta kallon namun daji kada wani ya ce mata ta yi haram.

Sai dai izinin yana tafe da kashedi mai tsanani. Duk mun san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na matar da ta shiga wuta a dalilin mage. Kulle ta ta yi har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Ki duba da kyau, mace ce irinmu, kuma ba a ambaci wani laifi nata ba sai wannan. Darasin shi ne duk wanda ya rufe ƙofa a kan mai rai, to ya ɗauke masa neman da yake yi wa kansa, ya ɗora wa wuyansa. Daga ranar, yunwarsa da ƙishirwarsa da ciwonsa duk suna cikin littafin mai mukullin.

A nan wata za ta ce, "To shi ke nan, tunda ana ba su nama da ruwa ai an fita haƙƙinsu." Ni ma haka na so in rufe maganar, amma wasu hadisan suka hana ni. Abu Dawud ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu, ta zo tana ta shawagi tana kaɗa fukafukai a kansu. Da Annabi (SAW) ya gani sai ya nemi sanin wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da su. Tsuntsuwar nan ba yunwa take ji ba. Abin da ke damun ta shi ne abin da zai dame ki in aka raba ki da ɗanki. Haka raƙumin wani mutumin Madina da ya zubar da hawaye da ya ga Annabi (SAW), ya shafa shi har ya natsu, sannan ya kira mai shi ya yi masa faɗa a kan barin sa da yunwa da kuma wahalar da shi. Ashe dabba tana da damuwar da ta wuce ta ciki, kuma Shari'a ta san da ita.

Turawa ma sai da suka sha wuya kafin wasunsu su yarda da haka. A Amurka akwai wuraren shaƙatawa na kamfanin SeaWorld, inda ake haɗa jiragen wasa da wasan manyan dabbobin teku. Akwai wata ƙatuwar dabbar ruwa mai launin baƙi da fari da suke kira oka, wadda take haihuwa ta shayar kamar saniya, take kuma rayuwa cikin dangi tana keta teku. An kama wani namijinta a tekun Aisland a 1983 yana ɗan kimanin shekara biyu, aka sa masa suna Tilikum. Ana ba shi abinci, likitoci na kansa, amma duniyarsa ba ta wuce kwatarnin siminti ba. A watan Fabrairun 2010, a garin Orlando, ya ja matar da ke horar da shi cikin ruwa ya kashe ta. Fim ɗin Blackfish da ya fito a 2013 ya bazu da labarin, jama'a suka fara ƙaurace wa wurin, har a 2016 kamfanin ya ce ya daina kiwon irin waɗannan dabbobi don su hayayyafa. Tilikum ya mutu a 2017, bayan shekara fiye da 30 a tsare. A 2019 kuma ƙasar Kanada ta yi dokar hana sabon kamu da kiwon irinsu a tsare. Abin da suka gano da tsada, mu an gaya mana shi tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce.

Mu ma a nan mun ga alama. A watan Oktoban 2019 wani zaki ya kuɓuce daga kejinsa a Gidan Zoo, mutanen unguwannin da ke kewaye suka kwana cikin fargaba har aka samu aka mayar da shi, bayan ya yi wa awakin gidan ɓarna. A wannan shekarar dai aka yi labarin nan da ya zagaya duniya, wai goggon biri ya haɗiye kusan naira miliyan bakwai na kuɗin shiga da aka tara lokacin Sallah, har gwamnan lokacin ya fito ya ce babu ma goggon biri a gidan. Mun yi dariya har da hawaye. Amma bayan dariyar sai na yi tunani: wannan kuɗi fa albarkacin dabbobin nan aka same shi, su aka zo gani. Kuma da aka rasa wanda za a ɗora wa laifi, sai aka nemi wanda ba shi da bakin kare kansa.

Duk da haka ba zan ce a rufe gidan namun daji ba, don akwai hujjoji masu ƙarfi a ɗaya ɓangaren. Yaron da aka haifa a lungun Yakasai ko Koki ko Mandawari, wanda filin wasansa bai wuce ƙofar gida da bakin kwata ba, ina zai ga jimina ko kada? Ubansa ba shi da kuɗin kai shi Yankari, ko dajin Falgore da ke nan jiharmu ma ba kowa ke iya zuwa ba. Gani ya kori ji, kuma Allah Ya umarce mu da duba halittunSa domin mu san girmanSa. Sannan zakin da ya tashi a keji, in kika buɗe masa ƙofa yau, ko yunwa ta kashe shi ko mafarauta. Dazuzzukan da za a ce ya koma ma mun sare su mun yi gawayi. Kin ga ashe sakin ma ba kullum ne yake zama jinƙai ba.

To ina mafita? A ɗan fahimtata, sai mu auna da abu uku. Na farko manufa: an tsare dabbar ne don ilimi da kare irinta daga ƙarewa, ko don ta zama abin tara kuɗi kawai? Na biyu iko: mai tsaron zai iya ba ta abinci da magani da inuwa da fili da abokin zama irin nata? In ba zai iya riƙe goma ba, ya riƙe uku ya kyautata musu, ya fi masa sauƙin hisabi. Na uku mutunci: ana barin ta ta yi zamanta irin na halittarta, ko ana dukan ta ana tsokanar ta don mu yi shewa?

Da wannan ma'auni na waiwayi ƙuruciyata sai kunya ta kama ni. Muna yara in gardawa suka ratso ta wajen Kasuwar Kurmi da kura da takunkumi a baki da sarƙa a wuya, ga biri an sa masa riga, haka za mu bi su unguwa-unguwa muna ihu muna jefa kwabo. Ba mu taɓa tambayar irin dukan da birin ya sha kafin ya iya rawa ba. Kwabonmu ne ya sa aka ci gaba da kamo wasu.

Kuma kada mu tsaya nuna Gidan Zoo da yatsa mu manta da namu gidajen. Ragon layya da ake ɗaurewa a rana kwana uku ba inuwa. Kajin da ake ratayowa a babur kai a ƙasa. Magen da ake jifa da taɓarya wai mayya ce. 'Ya'yanmu maza da danƙo suna harbin ƙadangaru da tsuntsaye don wasa, alhali Muslim ya ruwaito hanin mayar da mai rai abin gwada saiti. Duk a gabanmu ake yi, mu iyaye mata.

Akwai ma abin da ya fi wannan nauyi, ku gafarce ni in faɗa. Kalmar nan ta "ai ina ba ta abinci" ba a kan dabba kaɗai nake jin ta ba. Ina jin ta a kan 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye tana shekara tara, ba makaranta, ba ganin gida sai shekara-shekara. Ina jin ta a kan 'yar riƙo da marainiya. In har Annabi (SAW) bai yarda a raba tsuntsuwa da 'ya'yanta ba, ya kike gani game da 'yar mutum? Zuciyar da ta saba ganin mai rai a ƙuntace ba ta ji komai ba, ba za ta tsaya a kan dabba ba.

Saboda haka shawarata gare mu ita ce: in mun kai yara kallo, mu zauna da su mu nuna musu ikon Allah, mu hana su jifa da tsokana da miƙa wa dabba leda ko cingam. In mun ga abin da bai dace ba mu yi wa ma'aikata magana cikin ladabi, domin da yawansu suna iya ƙoƙarinsu da ɗan abin da aka ba su. Ƙungiyoyinmu da ke kai ziyara asibiti da gidan marayu da gidan yari, babu laifi su tuna wa hukuma cewa kuɗin ƙofa akwai haƙƙin masu keji a ciki. Matar nan ta Banu Isra'ila da aka gafarta wa don ta shayar da kare, ba wani babban aiki ta yi ba, takalminta kawai ta cire ta ɗebo ruwa.

Washegari da safe na kira autata ina yi mata kitso, na ce mata zakin bai yi laifi ba, mutane ne suka ajiye shi don mu gan shi mu san Wanda Ya halicce shi, kuma Allah zai tambayi duk wanda ya ajiye shi yadda ya riƙe shi. Ta yi shiru, can ta ce, "Har da mu da muka je kallo?" Na ce mata, "Har da mu, gwargwadon abin da muka gani muka yi shiru."

Allah Ya sa mu cikin masu jinƙai, Ya ji ƙanmu ranar da za a bi wa kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, har tunkiya marar ƙaho a kan mai ƙaho. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, Allah Ya yafe mini.