Ko Ya Halatta Mai Bi Ya Yi Dariya?

Ya kai mai karatu, wanda ka soma bin Tafarki kwanan nan, wataƙila ka riga ka tambayi kanka: yanzu da na tuba, sai in ɗaure fuska ke nan har ran mutuwa? Gama sababbin masu bi da yawa suna tsammani tsoron Allah da murtuke fuska abu ɗaya ne. Har wani yakan ji kunya in dariya ta kuɓuce masa a bakin ƙofar majami'a, sai ka ce an kama shi da hannu cikin tukunyar maƙwabci.

Bari in ba ka labarin waɗansu mutane na ƙasar Amurka, waɗanda aka fi sani da sunan Momon, ko da yake tun 2018 shugabanninsu sun roƙa a riƙa kiransu da cikakken sunansu, wato Ikkilisiyar Yesu Kristi ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe. Ba zancen koyarwarsu za mu yi a nan ba. Akwai inda muka rabu da su, wannan kuwa yana da ranarsa. Abin da nake so ka duba shi ne yadda suka yi da dariya a kwanakin wahala.

A 1844 aka kashe shugabansu, Joseph Smith, a kurkukun Carthage. Cikin Fabrairu 1846, da tsananin ɗari, suka fara barin birninsu Nauvoo da kekunan shanu, suka nufi yamma. Da sanyi ya sāke zagayowa suna zaune a bukkoki a bakin kogin Misuri, inda ɗaruruwansu suka mutu saboda zazzaɓi da rashin abincin kirki. A nan ne, cikin Janairu 1847, Brigham Young ya umarce su su yi addu'a sa'ad da suke baƙin ciki, sa'ad da zuciyarsu ta yi fari kuwa su yabi Ubangiji da waƙa da rawa. Ka lura, mutanen da suka binne 'ya'yansu ake faɗa wa wannan. Da suka zauna a kwarin Salt Lake kuma, sun buɗe gidan wasan kwaikwayo a 1862, haikalinsu kuwa bai ƙare ba sai 1893.

Amma kada ka ce sun sake wa dariya linzami. Littattafansu da kansu suna gargaɗi a kan yawan ƙyaƙyatawa da raina abu mai tsarki. To, ina iyakar?

A ganina zaman ikkilisiyarsu ya nuna ta. Ba su da mai wa'azi mai albashi a majami'un unguwa. Shugaban jama'a yana da sana'arsa, ko manomi ne ko malamin makaranta, kowa kuma ana iya ce masa ya tashi ya yi magana ran Lahadi, har yaro ɗan shekara 12. Jarirai suna kuka a tsakiyar sujada, mai magana yakan manta abin da ya shirya. Inda aka yi haka dole a yi dariya, amma mai dariyar ya sani mako mai zuwa shi ne zai tsaya a wurin, gwiwoyinsa suna rawa. Wannan dariya ce ta 'yan'uwa. Wadda Allah yake ƙi ita ce ba'a, wadda mutum yake yi daga bisa, yana duban na ƙasa: a yi wa gurgu saboda tafiyarsa, ko baƙo saboda harshensa, ko tsohuwa domin ta ɓata waƙa. In kana shakka, dubi fuskar wanda ake yi dominsa. Yana yi tare da ku, ko kuwa ya sunkuyar da kai? Saratu ma ta yi dariya sau biyu, ta fari ta rashin ba da gaskiya, ta biyu ta murna, sunan ɗanta Ishaku kuwa ma'anarsa dariya ke nan.

Akwai wani dattijonsu, J. Golden Kimball, dogo siriri mai siririyar murya, wanda aka haifa a 1853. Ubansa ya rasu yana ɗan shekara 15, sai ya shiga korar alfadarai domin ya ciyar da gida, a can kuma bakinsa ya koyi maganganun da ba su dace da mumbari ba. Ya zama ɗaya daga cikin manyan ikkilisiya a 1892, duk da haka kalmomin nan sukan suɓuce masa a tsakiyar wa'azi. Kada ka yi koyi da shi a wannan. Manyansa ma ba su ji daɗinsa ba. Amma bai ɓoye aibinsa ba. Yakan faɗa a fili cewa saura ne na kwanakin alfadarai, ya mai da kansa abin dariya a gaban taro, jama'a kuwa sukan cika ɗaki domin su ji shi, har da waɗanda suka daɗe ba su taka majami'a ba. Ya mutu a hatsarin mota a Nevada a 1938, har wa yau kuma ana ba da labaransa a gidajen Yuta, na gaske da waɗanda aka ƙara masa.