Shin Ana Gadon Bangaskiya?

Hausawa kan ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Mu ma a nan Manchok, hedikwatar masarautar Moro'a da ke cikin ƙaramar hukumar Kaura, ba mu da ja a kan wannan magana, domin kuwa muna gadon gona da gida da dabbobi, wani lokaci har da bashin da mamaci ya bari. To, amma akwai abu guda da kowane uba da kowace uwa a cikin ikilisiyoyinmu suke ɗokin su bar wa 'ya'yansu fiye da gona, wato bangaskiya. Abin tambaya a nan shi ne, shin ita ma tana cikin kayan da ake kasawa ranar rabon gado? Idan kuwa ba ta ciki, mene ne aikin iyaye, mene ne kuma aikin ikilisiya?

Ba haka kawai wannan tambaya ta faɗo mana ba. A watan Maris na 2014 'yan bindiga suka afka wa wasu ƙauyuka na kewayen Manchok da dare, ciki har da Unguwar Sankwai da Unguwar Gata, suka kashe fiye da mutum 100. Bayan 'yan shekaru, wata ranar Lahadi, muna zaune a ajin yara a gindin mangwaro bayan majami'a, malama tana ba da labarin Daniyel da yadda Allah ya rufe bakin zakoki, sai wani yaro da bai wuce shekara 10 ba ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malama, to, me ya sa bai rufe bakin bindiga ba a daren da aka kashe babanmu?" Wuri ya yi tsit. Malama, baiwar Allah, ta rasa ta cewa, sai ta ce masa ba a yi wa Allah tambaya, nan take ta tayar da waƙa. Yara suka amsa, shi ma ya amsa, har da tafi. Daga ranar nan ba mu sake ganin ya ɗaga hannu ba. Yau saurayi ne. Idan ya zo gida lokacin Kirsimeti yakan shigo sujada ya zauna a bencin baya, ya gaida dattawa da ladabi, amma babu ɗayanmu da ya san abin da ke cikin ransa, domin mu ne muka koya masa kada ya faɗa.

Abin mamaki shi ne, kakanninmu da suka fara karɓar bishara a wannan yanki ba gadonta suka yi ba. 'Yan mishan na SIM sun kafa tasha a Kwoi a 1910, sa'an nan suka zauna a Kagoro, maƙwabciyarmu, a ƙarshen shekarun 1920. Ba su tarar da mutane marasa tarbiyya ba. Sun tarar da tsari mai ƙarfi, wanda Hausawa ke kira dodo, inda dattawa ke keɓe yara maza idan sun kawo ƙarfi, a nuna musu asirin kakanni, a rantsar da su kada su tona wa mata da ƙanana. A cikin wannan tsari uba ya san abin da zai miƙa, ɗa ya san abin da zai karɓa, ba a kuma tambaya. Samarin da suka bi 'yan mishan sun saɓa wa wannan tsari ne, kuma a idon iyayensu kangararru ne. Wasu sun sha duka, wasu an hana su matan aure. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, suka duƙufa koyon baƙi da wasali, domin su gani da idonsu ko abin da Bature ya faɗa yana nan a rubuce. Su ne suka zama masu bishara da fastoci, har aka kafa ECWA a 1954. Ke nan, abin da muke alfahari da shi a yau muna cewa addinin gidanmu ne, asalinsa tambaya ce da wani saurayi ya yi wa ubansa, uban kuma bai ji daɗinta ba. Yaya aka yi jikokin masu tambaya suka zama masu tsoron tambaya? Muna tsoron kada mu kasance mun rushe ɗakin dodo a bayan gari, muka sake gina shi a cikin aji.

Ikilisiyoyin kansu, duk da bambancin da ke tsakaninsu, sun amince cewa ba a gadon bangaskiya yadda ake gadon gona. 'Yan ECWA da 'yan Baftis ba sa yi wa jariri baftisma. Sukan miƙa shi ga Allah a gaban jama'a, su jira har ya girma ya shiga ajin baftisma ya furta da bakinsa. Katolika da Angilika kuwa sukan yi wa jariri baftisma, iyaye da masu tsaya masa su amsa a madadinsa, amma su ma sun tanadi wata rana da zai zo gaban bishof ya tabbatar da alkawarin da aka ɗaukar masa. Hanya biyu ce, amma duk sun ɓulla wuri ɗaya: akwai ranar da babu mai amsawa sai shi. Labarin Eli ma ya ishe mu aya. Firist ne, a cikin ɗakin sujada 'ya'yansa Hofni da Finehas suka tashi, sun san kowace ka'ida ta hadaya, amma suka lalace, alhali Sama'ila, ɗan riƙo da uwarsa ta kawo, shi ya ji kira.

Wani zai ce, in haka ne, sai a ƙyale yaro kada a koya masa kome har ya girma ya zaɓa da kansa, kamar yadda wasu masu ra'ayi a Turai ke faɗa. Wannan magana ba ta kama hankali ba. Babu uwar da ke yin shiru a gaban jaririnta wai don kada ta tilasta masa harshe. Da Sholio ko Hausa take yi masa tawai, kuma da wannan harshen ne wata rana zai yi mata gardama. Idan ta hana shi harshe, ba 'yanci ta ba shi ba, bebe ta mai da shi. Haka yake ga addu'ar cin abinci da waƙoƙi da labarun Yusufu da Dawuda: su ne kalmomin da yaro zai yi tunanin Allah da su, ko da tunanin ya kai shi ga kokawa. Wani kuma daga ɗaya gefen zai kawo mana karin maganar nan, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, a kan gaisuwa da wanke hannu da riƙon amana. Sai dai iccen da aka tanƙwara ba ya cewa na yarda. Ana iya sa yaro ya durƙusa, ana iya sa shi ya haddace aya 50 ya ci kyautar sabulu da littafin rubutu a gasar yara, amma yarda ba ta shiga ta wannan ƙofa. Manomin acca ya fi mu fahimtar al'amarin. Yakan gyara ƙasa, ya watsa iri, ya yi ciro, ya kori tsuntsaye, amma bai taɓa kama tsiro ya ja shi sama don ya yi saurin tsawo ba.

To, a wace gona ake wannan noma? A nan ne muke ganin mun yi babban kuskure, kuma laifin na gida ne da na ikilisiya baki ɗaya. Makarantar Lahadi da muke tura yara ba tare da bishara aka haife ta ba. Wani mai gidan jarida, Robert Raikes, shi ya yayata ta a garin Gulosta na Ingila daga 1780, domin yaran talakawa da ke aikin ƙarfi kwana shida a mako, ba su da lokacin koyon karatu sai ranar Lahadi. Wato magani ce da aka haɗa domin gidajen da suka gaza. Mu kuwa mun mai da ita abincin kowa da kowa. A cikin awa 168 da ke cikin mako, ajin Lahadi bai fi awa ɗaya ko biyu ba, sauran duk a gida da makaranta da kasuwa da wayar salula suke ƙarewa. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda yaransu ke zuwa makarantar allo ko Islamiyya kusan kullum, su ma sukan ce malam ba ya gyara abin da gida ya ɓata, balle mu masu awa ɗaya. Yaron da ya ji wa'azin gafara da safe, da dare ya ga ubansa ya dawo daga gidan burkutu ya ɗaga wa uwarsa hannu, ya riga ya san wanne ne wa'azin gaskiya. Manzo Bulus da ya yaba wa bangaskiyar Timoti bai ambaci wani aji ba, kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ya ambata. Ga shi kuwa da wuya a rasa mai suna Afiniki a kowace unguwa tamu. Sunan muka ɗauka.

Ita kuma ikilisiya, a maimakon ta mayar da iyaye ga aikinsu, sai ta riƙa janye su daga gida ba tare da ta lura ba. Yau taron Zumuntar Mata, gobe na maza, jibi koyon waƙa, gata taron matasa, sa'an nan kwanan addu'a da taron kwamitin gini. Kowa yana majami'a, amma kowa da ranarsa, har ya zama iyalin da suka fi kowa ƙwazo su ne ba sa cin tuwon dare tare. Ba muna raina waɗannan ƙungiyoyi ba ne, mun san abin da suka yi mana. Muna cewa ne da za a keɓe dare ɗaya ko biyu a mako, a rufe ƙofar majami'a, a ce kowa ya je ya yi sujada da iyalinsa, a kuma koya wa iyaye yadda ake yi, da an yi wa yara wa'azin da ya fi na bagadi. Akwai kuma matsalar harshe, wadda ba mu cika son tayar da ita ba: kaka tana addu'a da Sholio, fasto yana wa'azi da Hausa, jika yana haddar aya da Turanci, sai a wayi gari mutum uku a ɗaki ɗaya ba sa iya yin amin tare da fahimta.

Amma kafin mu ɗora wa gida dukan kaya, ya kamata mu dubi gidan. Yawancin gidajen da muke magana a kansu ba irin na hoton kalanda ba ne, mai uba da uwa da yara biyu a kan tebur. Akwai inda kaka ce ke riƙe da jikoki huɗu, iyayensu suna neman abinci a Kaduna ko Jos ko Abuja. Akwai inda gwauruwa ce ita kaɗai, ga gona ta yi nisa, zuwa can kuma sai da fargaba. Matar da ta wuni tana noma, ta dawo ta daka, ta dafa, ta kwanta da tunanin kuɗin makaranta, idan muka je muka karanta mata jerin wajiban uwa ta gari, ba mu taimake ta ba, ƙarin laifi muka aza mata. Ikilisiyar farko a Urushalima ta fuskanci irin wannan. Gunaguni ya tashi cewa ana manta da wasu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni kuwa ba su ce wannan ba maganar ruhaniya ba ce, sai suka sa aka zaɓi mutum 7 domin aikin. Mu ma muna da abin da ya dace da haka tun kafin zuwan mishan, wato gayya. Idan matasan ikilisiya suka fita da fartanyoyi suka nome wa gwauruwa gonarta a wuni ɗaya, ɗanta da ke tsaye a kan kunya yana kallo ya sami wani ɓangare na amsar tambayarsa, ko da ba a ce masa uffan ba. Matan zumunta, a gaskiya, su ne suka daɗe suna wannan hidima da mudun hatsi da itacen girki da kwana a gidan makoki, galibi daga aljihun da ba shi da nauyi. Abin kunyar shi ne, idan aka zo kasafin baiko, kuɗin tayil da na lasifika ba sa jiran muhawara, amma kuɗin jarrabawar maraya sai an kai shi gaban kwamiti sau uku.

Duk da haka, hatsi ba ya rufe tambaya, kuma bai kamata ya rufe ta ba. Littafin da muke koya wa yaran cike yake da masu tambaya. Ayuba ya yi ta yi har abokansa suka gaji da shi, a ƙarshe kuwa abokan nan masu amsa a shirye su aka tsauta wa. Yesu da kansa yana ɗan shekara 12 aka same shi a Haikali a tsakiyar malamai yana sauraro yana tambaya. Toma ya ce sai ya gani, ba a kore shi ba, aka nuna masa. Da a ranar nan ɗayanmu ya iya cewa, "Ɗana, ni ma ban sani ba, na kuma daɗe ina tambaya, zo mu zauna," da yaron ya gane cewa ana iya riƙe ciwo da bangaskiya a zuciya ɗaya. Ba mu faɗa ba, domin muna tsammanin babba da ya ce bai sani ba ya zubar da girmansa da na Allah.

Ba kuma malamar muke tuhuma ba. Daga baya ne muka tuna cewa ita ma ta binne ƙanenta a wannan makon na 2014. Shekara da shekaru tana riƙe da ajin nan, ba albashi, ba horo, ba littafi sai wanda ta saya da kuɗinta, kuma ba mu tuna ranar da wani dattijo ya zauna ya tambaye ta yadda ta kwana da nata ciwon ba. Waƙar da ta tayar ita ce abin da ya rage mata. A watan Disamba na 2022 aka sake kai hari a Malagum da Sakwong a ƙasar Kagoro, wasu yaran suka rasa iyaye, kuma suna nan zaune a azuzuwan Lahadi na ƙaramar hukumar nan. Mun kai maganar gaban dattawan ikilisiyarmu, cewa a tara malaman yara da iyaye a zauna a kan yadda za a amsa irin wannan tambaya, a kuma fara da sauraron malaman kansu. An karɓa, an rubuta, an ce za a duba bayan an gama rufin sabon gini.