Auren Rajista Da Saki: A Sani Kafin A Sa Hannu



'Yan'uwa, wani abu ya yawaita yanzu. An ɗaura aure da waliyyi da shaidu da sadaki, sai kuma a wuce ofishin rajista a sa hannu saboda neman biza. Ana ɗauka takarda ce kawai. To ba haka ba ne. A dokar Najeriya wannan aure ne mai zaman kansa, kuma ba a fita daga cikinsa da baki.

Dokar 1970 ce take kula da rabuwarsa, kuma Babbar Kotu ce ke raba shi, ba alƙalin kotun Musulunci ba. Dalili ɗaya tak doka ta yarda da shi: auren ya lalace, ba zai gyaru ba. Sashe na 15 ya jero hujjojin da ake tabbatar da hakan. Daga ciki akwai:

1. Ɗaya ya ƙi yarda a yi kwanciyar aure tun farko.
2. Ɗaya ya yi zina, ɗayan kuma ba zai iya ci gaba da zama da shi ba.
3. Mugun halin da ba a iya jurewa.
4. Ɗaya ya gudu ya bar ɗaya shekara guda cur.
5. Sun rabu shekara 2 kuma wanda aka kai ƙara bai ƙi ba, ko shekara 3 ko da ya ƙi.

Sannan kafin aure ya cika shekara 2, galibi ba a shigar da ƙarar saki sai da izinin kotu.

Ka ga inda matsalar take? Malam ya furta saki, baiwar Allah ta gama idda, a addini ta halatta ga wani. Amma a takarda har yanzu matarsa ce. Ta yi sabon aure, doka ta ce aure kan aure. Shi ma in ya ƙara mata alhali na rajista yana nan, laifi ne mai kai mutum gidan yari, don auren mace ɗaya ya sa wa hannu. In mutuwa ta zo, rigimar gado ta taso.

Don haka kar ka sa hannu sai ka tambayi malami da lauya. Wanda kuma ya riga ya yi, ya saki matarsa, ya ji tsoron Allah ya je kotu ya kammala. Barinta a rataye zalunci ne.

Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya.