Man Kwana Guda

Hunturu ya sauka a Gummi. Na fito daga sallar asuba, hazo ya rufe gari, sai ga mai ƙosai a bakin hanya ta riga ta hura wuta, tana karkata galan tana tsiyaye ɗan man gyaɗar da ya rage mata cikin kasko. Da gani ba zai kai ta hantsi ba. Ta dai ɗora.

A irin wannan lokaci ne, ƙarshen Nuwamba ko cikin Disamba, Yahudawa ke bikin Hanuka na kwana takwas. Tushensa shekara ta 164 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sa'ad da Yahuza Makabi da jama'arsa suka ƙwato ɗakin ibadarsu na Ƙudus daga hannun sarki Antiyokus na Huɗu, wanda ya mai da shi wurin bautar gunki. A ruwayar littafinsu Talmud, tulu ɗaya tal na man zaitun mai tsarki suka tarar, wanda ba zai wuce kwana guda ba. Suka kunna fitila, ta ci kwana takwas.

Har gobe suna tunawa. Alkukin bikin baki tara gare shi: kowane dare a ƙara wuta ɗaya, na taran kuwa shi ake kunna sauran da shi. Ana ajiye shi bakin taga don mai wucewa ya gani. Abincin ma na mai ne: a gabashin Turai wainar dankali, a Maroko wani soyayyen fulawa da Bahaushe zai rantse funkaso ne.

Abin da ya tsaya mini a rai wani wuri ne da ba a cika ambata ba. Malaminsu Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya ce fitilar ta yi ta ci ne har aka matse zaitun aka sami sabon mai. Wato tana ci a ɗaki, wasu na waje suna tsinka, suna niƙa, suna tacewa. Ba su ƙi kunnawa don man kaɗan ne ba, ba su kuma naɗe hannu suna kallon ikon Allah ba.

Sai na tuna 'yan'uwanmu na ƙauyukan Anka da Bukkuyum da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu, waɗanda kaka ta zo musu ba rumbu, sai tiyar gero da za a auna yau, gobe kuma sai yadda Allah Ya yi. Duk da haka uwargida ta tashi da duhu ta surfa.

Ya Ubangiji, Ka sa albarka a ɗan abin da ke hannunmu, Ka ba mu ƙarfin fita neman na gobe. Ka mai da kowa gonarsa lafiya.

Da na biyo da hantsi, na tarar da mai ƙosai tana kwance bakin zane tana ƙirga wa ɗiyarta kuɗin kwalba guda ta mai.