Ina Haƙƙin Katanga Ya Tsaya?

Wata magana ta shigo majalisun samarin unguwar nan, kuma wayar hannu ce ta kawo ta. Sai ka ga an nuno Bature a bayan gidansa, ga tukunyar jan ƙarfe tana ƙyalli, ga bututu a murɗe, yana bayanin yadda yake tatsar barasa da hannunsa, wai don sha'awa kawai, kamar yadda wani ke kiwon tantabara. Yawancin yaranmu dariya suke yi su wuce. Amma akwai masu tsayawa su yi tambaya, kuma tambayar ba ta wauta ba ce: idan mutum ya kulle ƙofarsa ya yi abinsa, bai sayar ba, bai gayyaci kowa ba, ina ruwan unguwa?

Batun halacci dai babu ja a kansa ga Musulmi. Suratul Ma'ida ta yanke hukuncin giya, hadisi kuma ya lissafa mutum goma da la'anarta ke hawa kansu, har da mai haɗa ta da mai ɗaukarta da mai sayar da ita. Jihar Bauchi ta fara aiki da shari'ar Musulunci tun 2001. Wanda duk ya taso a nan ya san wannan tun yana makarantar allo. Abin da yaran ke tambaya shi ne hurumin maƙwabci, kuma nan ne mu manya muke yawan amsawa da tsawa maimakon hujja.

Gaskiya ita ce katanga tana da haƙƙi, addininmu ma ya ba ta. Malamai na ba da labarin Sayyadina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, da ya ji hayaniya a wani gida cikin dare a Madina, ya haura katanga, ya tarar da mai gidan da giya a gabansa. Mutumin bai musa laifinsa ba, sai ya nuna wa Halifa cewa shi laifi ɗaya ya yi, shi kuwa Umar uku: ya yi leƙen asiri, ya shigo ba ta ƙofa ba, kuma bai yi sallama ba. Umar ya ƙyale shi. To, idan shugaban Muminai ya ja da baya a gaban katangar mashayi, wane ne ni, wane ne kai, da za mu kafa tsani mu leƙa tsakar gidan mutane? Mai laifin da ya ɓuya, tsakaninsa da Ubangijinsa ne, kuma rufin asiri ya fi kusa da tuba a kan tonon silili.

Sai dai a lura da abin da Umar ya tarar. Mai sha ya gani, da ƙoƙonsa. Mai tatsa labarinsa daban ne, domin abin da yake yi ba ya zama inda aka yi shi.

Mu ɗan bambance, don mutanenmu kan haɗa komai su kira shi giya. Burkutu da ake dafawa da tsiron dawa tsohuwar sana'a ce a wajen wasu maƙwabtanmu da ba Musulmi ba, ƙarfinsa bai kai kashi 10 cikin 100 ba, kuma ba ya jure ajiya, kwana kaɗan ya lalace. Tatsa kuwa ita ce a ɗora abin da ya riga ya zama giya a wuta, a kama tururinsa, ya huce ya ɗigo a kwalba. Abin da ke ɗigowa, wanda ake kira ogogoro a Kudu, yakan kai kashi 40 ko fiye, ba ya lalacewa, yana shiga aljihu, yana tafiya. Wanda ya tatsi kwalba biyar ba shi kaɗai zai shanye ba. Yau aboki ne zai ɗanɗana, gobe abokin aboki, jibi wani ya ce a sayar masa ko da rabin kwalba. Babu mai sana'ar hannu da ba ya son a yaba aikinsa, kuma ba a yabon wannan aikin sai an kurɓa.

Ga kuma abin da ido ba ya gani. Akwai wani sinadari mai suna metanol, ɗan'uwan barasa ne a kama da wari, amma guba ne. Kaɗan daga cikinsa na makantar da mutum, ɗan ƙari ya kashe. Yakan shiga irin wannan haɗi musamman idan mai neman riba ya zuba sinadarin masana'anta don ƙara ƙarfi. A watan Afrilun 2015 mutane suka riƙa faɗuwa a Ode-Irele ta Jihar Ondo, ciwon kai, ido ya rufe, sai mutuwa cikin kwana ɗaya. Da farko har an ce fushin abin bautar garin ne, kafin bincike ya nuna metanol ne a cikin ogogoro. Cikin watan Yunin shekarar aka sake yin irinsa a Jihar Ribas, mutane gommai suka rasu. Nan kusa da mu, duk mai zuwa Jos ya ji sunan goskolo da abin da yake yi wa matasa. Waɗanda suka mutu ɗin nan babu wanda ya ga tukunyar da aka haɗa abin a ciki. Katangar wani ce ta rufe ta.

Ko ba a kai ga sha ba, tururin barasa wuta yake kamawa. Mu kuwa yaya gidajenmu suke? Ɗaki na jingine da ɗaki, kwanon rufi ɗaya ya lulluɓe iyali huɗu, murhun wannan na kallon ƙofar wancan, yara na wasa a tsakiya. A lokacin hunturu tartsatsi ɗaya ya isa. Baturen cikin waya yana da fili, yana da ma'auni, motar kashe gobara na zuwa masa cikin mintuna. Kai, ko a can ɗin ma ba sakaka aka bar abin ba. A 1978 Amurka ta halatta wa mutum ya dafa giyarsa a gida, amma dokar ba ta haɗa da tatsa ba. A Ingila sai da lasisi. Mutanen da giya ba ta zama haramun a wajensu ba, su ma sun ga cewa tukunya mai bututu ba al'amarin mutum ɗaya ba ne.

Saboda haka amsarmu ga yaran ita ce: katanga na kare abin da ya tsaya a bayanta. Abin da zai fito ya shiga cikin ɗan wani, ko ya cinna wa rufin wani wuta, ya riga ya zama ruwan unguwa.

Amma ruwan unguwa ba yana nufin gayya da sanduna ba, kuma a nan ne ya kamata mu fi kowa taka-tsantsan. Iyayenmu da kakanninmu zuwa suka yi, wasu daga Kano, wasu Katsina, wasu Zazzau, wasu da fatauci, wasu bayan jirgin ƙasa ya iso a farkon shekarun 1960. Sun tarar da mutane, kuma garin ya ci gaba da tara mutane: Jarawa, Sayawa, Angasawa, Ibo, Yarbawa. Dattawanmu ba su manta 1991 ba, lokacin da rigimar da ta tashi a Tafawa Ɓalewa kan batun nama ta iso har cikin garin Bauchi, aka yi asarar rayuka da dukiya. Abin ci ne ya zama sila. Duk wanda ya tara samari ya nufi gidan wata mata don ya ji warin burkutu, bai san inda wutar za ta tsaya ba, kuma ba addini ya aike shi ba. Shari'ar da ake yi a jihar nan kan Musulmi take, kuma tana da hukumarta da kotunanta.

Idan ɗanmu ne ya fara haɗa bututu, matakin farko na uba ne ko kawu, a zaure, murya ƙasa-ƙasa. Idan ɗan haya ne, mai gida na da cikakken iko ya ce ba a gidansa ba, kuma zai fi kyau a faɗi haka tun ranar karɓar kuɗin haya. In abin ya gagara, ga mai unguwa, ga liman. Hisba da 'yan sanda na can ƙarshe, lokacin da kwalba ta fara fita ƙofa.

Akwai kuma abin da bai kamata mu kashe a zuciyar yaron ba, wato sha'awar sanin yadda abu ke aiki. Ilimin kama tururi ba na mashaya ba ne. Malaman Musulunci ne suka raya shi: Jabir ɗan Hayyan ya yi aiki da irin wannan tukunya, Alkindi kuwa a Bagadaza, a ƙarni na 9, littafi guda ya rubuta kan haɗa turare da tatsarsa. Kalmar da Turawa ke kiran barasa da ita ma daga Larabci suka are ta, daga sunan kwallin nan da iyayenmu mata ke sa wa a ido. Tukunyar da ke fitar da ogogoro ita ce ke fitar da ruwan wardi da man ganyen bishiyar turare. Mata nawa ne a unguwar nan ke haɗa humra da turaren wuta, suna sayen mai a kwalabe daga Kano da tsada? Yaron da ke da hannu da ƙwaƙwalwa, a tura shi ya yi tambaya a sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko wajen masu haɗa turare a Kasuwar Wunti, ya ji irin man da suke nema da nawa suke sayen kwalba.